GORO A KANO, MAIGIDA A SHAGAMU

Duk wanda ya taɓa kwana a unguwar Sabo ta Shagamu, cikin Jihar Ogun, ya san yadda ake lodin goro. Tun da la'asar 'yan dako ke ta jidar huhuna daga shaguna suna jerawa cikin manyan motoci, akawu na tsaye da littafinsa yana ƙirgawa, kowane huhu da alamar mai shi da ta wanda za a kai wa. Kafin gari ya waye motocin sun kama hanyar Badun, su bi ta Ogbomosho da Ilori, su haye Kogin Kwara a gadar Jabba, sa'an nan a rabu, waɗansu su nufi Kaduna da Kano, waɗansu su bi ta Kwantagora da Yawuri har Sakkwato. Mai kayan kuwa yana zaune a ƙofar shagonsa. Dukiyarsa ta tafi hannun mutanen da watakila sai bayan wata shida zai sake sa su a ido, su ne za su sauke, su duba, su sayar, su karɓi kuɗi, su aiko masa da abin da suka ce an samu.

A cikin waɗannan masu gida akwai wani Alhaji, mutumin ƙasar Kano, wanda ya sauka Kurmi bayan an gama yaƙin basasa a 1970, tun ana ƙirga kuɗi da fam da sule, kafin naira ta shigo a 1973. Da dako ya fara, ya zama yaron shago, har Allah ya buɗa masa ya zama maigida mai wakilai a garuruwa 9 na Arewa. Shekara da shekaru abin da ke haɗa shi da waɗannan wakilai bai wuce wasiƙar ajami da yakan damƙa wa direba ba, sai wayar tangaraho in abu ya yi gaggawa. Sau ɗaya a shekara, bayan Babbar Salla, yakan ɗauki jakarsa ya zaga su ɗaya bayan ɗaya, ya kwana a gidan kowa, a shimfiɗa tabarma a buɗe littafi, a fitar da uwar kuɗi, a raba riba.

Wannan tsari ba shi ne ya ƙago shi ba. Tun zamanin da fatake ke tafiyar watanni daga Kano zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja, attajirai da yawa ba su bin ayari da ƙafarsu, sai su ba yaransu jari su sa su a hannun madugu. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a Kano a 1955, ya yi fataucin goro daga Ankara zuwa Ikko ta jirgin ruwa, kuma da reluwe ta iso Kano a 1911 ciniki ya ƙara buɗewa, har ya zama babban mai sayen gyaɗa. Ba shi yiwuwa mutum ɗaya ya tsaya a kan kowane sikeli na ƙauyukan Kano da kansa. Da wakilai ya yi wannan aiki, yana ba su kuɗi tun kafin kaka. Wani Bature masanin zaman jama'a, Abner Cohen, ya zauna a Sabon Badun ya kuma fitar da littafi a 1969, inda ya bayyana yadda dukiya mai yawa ta goro da shanu ke kai da kawowa tsakanin Arewa da Kurmi a kan bashi da amana, maigida na tsaye a matsayin lamuni, ba tare da takardar lauya ba. Malaman fiƙihu kuma sun daɗe da sanin abin, suna kiransa ƙiradi: wani ya kawo jari, wani ya kawo ƙarfinsa, a yanke kason riba tun farko, in aka faɗi ba da sakacin mai juyawa ba, to hasarar kuɗin tana kan mai kuɗi. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya tafi Sham da dukiyar Nana Hadiza alhali ita tana Makka.

A 2018 idanun Alhaji suka yi rauni, ya miƙa ragamar ciniki ga babban ɗansa, wanda ya yi karatun harkar kasuwanci a wata kwalejin fasaha. Yaro ne mai himma, ba ya shan taba balle ya taɓa kuɗin gida, kuma dole a faɗi gaskiya, waɗansu gyare-gyaren da ya kawo sun yi amfani ƙwarai. Ya hana a riƙa ba direba tsabar kuɗi a ƙunshe cikin buhu, ya ce kowa ya zuba a banki. Ya saya wa kowane wakili wayar hannu, ya haɗa su cikin zaure ɗaya na WhatsApp, ta yadda kafin hantsi kowa ya san yadda ƙwaryar goro ta kwana a Kano da Gusau da Maiduguri. Takardar lodi kuwa akan ɗauki hotonta tun mota ba ta bar Shagamu ba. Abin da a dā kan ci mako biyu kafin labarinsa ya iso, yanzu kafin a sha ruwa ya iso.

To amma daga nan sai ya zarce. Da ya ga nesa ta zo kusa, sai ya ɗauka ya zama yana Kano da Zariya da Sakkwato duk a lokaci guda. Ya kafa doka cewa kowane wakili ya aiko da hoton shagonsa sau uku a yini, da safe da azahar da magariba. Wanda aka buga masa waya bai ɗauka ba sai ya yi bayani. Babbar dokar kuwa ita ce, ba wanda zai rage ko kwabo daga farashin da aka yanke a Shagamu, ba kuma wanda zai ba da bashi, sai ya nemi izni an ba shi. Da waɗansu dattawan kasuwa suka yi masa magana, sai ya ce ai haka manyan kamfanoni ke yi, kuma mai gaskiya ba ya tsoron a duba shi.

Mafi tsufa a cikin wakilan shi ne na Kano, wanda ke zaune a kasuwar goro ta Mariri. Tare suka yi dako da Alhaji, shi ne ma ya raɗa wa wannan ɗa suna a kunne ranar da aka haife shi, don uban yana kan hanya. Tsohon bai yi gardama ba. Ya sa jikansa ya koya masa ɗaukar hoto, yana aikowa sau uku kamar yadda aka ce, wani lokaci rabin hoton yatsansa ne. Sai dai ya taɓa cewa a waya, “Ɗan Alhaji, goro ba hoto yake so ba, hannu yake so.” Abin da yake nufi kowane ɗan goro ya san shi. Goro rai gare shi. Sai an riƙa kwance huhu ana tsince wanda sankara ta taɓa kafin ta harbi sauran, a sake ganye, a yayyafa ruwa daidai gwargwado, a kāre shi daga zafi da iska. Huhun da ya ruɓe a ciki da wanda ke lafiya, a hoto duk kamarsu ɗaya.

Ana nan sai ga annobar korona a 2020. A ƙarshen watan Maris Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar kulle Ikko da Ogun da Abuja, Jihar Kaduna kuwa ta riga ta hana fita. Aka hana tarurruka, watau aka dakatar da manyan bukukuwan aure da suna, waɗanda su ne ke cinye goro huhu-huhu. Wakilin Zariya, saurayi ne mai biyayya, ya ji ƙishin-ƙishin ɗin kulle tun da rana, ga kuwa wani mai saye ya taya kayan gaba ɗaya da ragi. Ya buga waya Shagamu, aka ce masa ya dakata, abin na 'yan kwanaki ne, farashi zai tashi. Ya dakata.

Tsohon Mariri ya ga abin da ya faru a Kaduna, ya kuma ga zafin bazara ya kankama, ga azumi na ƙaratowa. Ranar wata Talata cikin watan Afrilu ya tara 'yan sarin da ya saba da su shekaru, ya sayar da duk abin da ke shago ƙasa da farashin Shagamu, rabi hannu rabi bashi, bai nemi iznin kowa ba. Da yamma ya sa jikansa ya zuba kuɗin a banki, ya aika da lissafi dalla-dalla, har da sunan kowane mai bashi da ranar biya.

Ran ɗan Alhaji ya ɓaci. Maimakon ya kira tsohon su yi magana su biyu, sai ya naɗi muryarsa ya saka a zauren da yara ƙanana ke saurare. Ya ce an karya doka, ya ce wa ya sani ko ragin da aka yi wani ne ya ci ribarsa, ya ce daga yau tsufa ba zai zama dalilin yin gaban kai da dukiyar mutane ba. Wannan saƙo ya kai minti huɗu, kuma kowa ya ji shi. Amsar da ta zo gajeriya ce: “Na ji, ɗan Alhaji. Allah ya huci zuciyarka. Makulli da littafi suna wurin Sarkin kasuwa, ka turo wanda zai karɓa. Ka gaida mini Alhaji.” Daga nan ya fita daga zauren. Bayan kwana biyu aka kulle Kano.

Sauran labarin a hankali ya riƙa fitowa. Goron Zariya ya yi makonni a ɗaure cikin zafi, in an buɗe gari na yini ɗaya ko biyu don sayen abinci, yaron kan ruga ya tsince abin da ya iya, amma ba mai saye sai na ɗai-ɗai. Fiye da rabi ya tafi bola. Masu bashin Kano kuwa duk sun biya, waɗansu a makare, amma ba wanda ya ci ko sisi, kuma ba don ɗan Alhaji suka biya ba, don kunyar tsohon ne. Abin da ya fi ciwo shi ne na wani wakili a can yamma, wanda bai taɓa fashin aiko da hoto ba, kullum shi ne na farko, har ana ba da misali da shi. Da aka janye dokar hana zirga-zirga tsakanin jihohi a farkon watan Yuli aka tura mutum ya ƙirga kaya, sai aka tarar shagon wayam. Ashe tun watanni huhunan maƙwabcinsa yake ɗauka a hoto.

Duk wannan lokaci Alhaji bai ce uffan ba, ko da yake labari na isa kunnensa. Sai da ɗan ya zo da kansa bayan sallar lisha ya durƙusa, ya ce, “Baba, na yi ɓarna,” sa'an nan tsohon ya gyara zama. Ya ce, “Kai kana tsammani ni ban taɓa haɗuwa da ɓarawo ba? Na haɗu da su. Amma ban taɓa gane ɓarawo don ina leƙa shi kullum ba. A littafi nake gane shi, da kuma bakin mutanen garinsa.” Ya tambaye shi, cikin wakilan nan tara, gidan mutum nawa ya taɓa kwana, 'ya'yan wa ya sani da suna, wa ya yi rashi a bara. Ɗan ya sunkuyar da kai. Alhaji ya ce, “To ka ga, muryarka ta je ko'ina, ƙafarka ba ta je ko'ina ba.”

A daren nan ya zayyana masa yadda ya riƙe mutanensa shekara arba'in da 'yan kai. Da fari, bai taɓa tura mutum nesa ba sai wanda ya zauna a gabansa shekaru yana ɗaurin huhu, ya ga yadda yake yi da canjin sule biyu kafin ya damƙa masa fam ɗari, kuma sai da wani dattijo ya tsaya masa. Na biyu, kowa ya san abin da ake nema gare shi a lissafe: huhu kaza aka aiko maka, ranar kaza za a zauna, abin da ya lalace ka ajiye shaida. Yadda zai tafiyar da yininsa kuwa ruwansa, ko ya buɗe shago da hantsi ko da asuba. Na uku, kowa yana da iyakar da zai yanke hukunci da kansa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ke Shagamu ba ya jin zafin ranar Kano a jikinsa. In wakili ya yanke da kyakkyawar niyya aka faɗi, hasarar ta maigida ce. Na huɗu, kowa yana da kaso a cikin riba, don wanda ya san goron da ya ruɓe har da nasa a ciki ba sai an tashe shi tsakar dare ya duba huhu ba. Na ƙarshe, yabo a bainar jama'a, faɗa kuwa a ɗaki, ƙofa a rufe.

Washegari ɗan Alhaji ya shiga motar goro, gaba kusa da direba, ya yi kwana biyu a hanya. A Kano ya tarar da tsohon a zauren gidansa yana jan carbi. Ya cire takalmi ya zauna a ƙasa, ya ce, “Baba, na zo neman gafara. A gaban yara na ci mutuncinka, kuma a gabansu zan janye.” Tsohon ya ce, “Ɗana, ai tun ranar na yafe. Ni na yi maka huɗuba, ba zan riƙe ka a zuci ba.” Aka kawo abinci suka ci, ya kwana uku a gidan. Amma da aka zo maganar komawa shago, sai tsohon ya girgiza kai. Ya ce shekara arba'in yana karɓar kaya ba wanda ya taɓa tambayarsa ko ya ci, yanzu da aka tambaya sau ɗaya, ko ya koma hannunsa ba zai sake sakewa ba, kullum zai riƙa tunanin me za a ce. Ya ba da wani ƙanen matarsa da ya horar, ya ce a gwada shi. Ya rasu bayan shekara biyu, bai sake taka shagon ba. Ɗan Alhaji yakan ce hasarar Zariya da ta yamma duk ya mayar da su cikin shekara ɗaya, wannan ce kaɗai bai iya mayarwa ba.

Da ya koma Shagamu bai jefar da waya ba, kuma bai koma wasiƙar ajami ba. Zauren yana nan, amma aikinsa yanzu farashin safe ne da labarin hanya: inda gada ta karye, inda ake tare motoci, motar da ta kwana a Mokwa. Ya soke hoton sau uku. Kowace Alhamis wakili kan aiko da lissafin mako, abin da ya karɓa, abin da ya sayar, abin da ya lalace, bashin da ke waje, a gwada da abin da ya shiga banki. Kowa an gaya masa iyakar ragin da zai iya yi da iyakar bashin da zai iya bayarwa ba tare da ya tambaya ba, kuma in gaggawa ta taso ya yanke, ya yi bayani daga baya. Akwai akawu ɗaya da kan sauka a kowane gari ba sanarwa ya kwance huhuna ya ƙirga, kowa kuma ya san da haka tun farko, har da waɗanda aka fi yarda da su, don kada wanda aka ƙirga nasa ya ɗauka zarginsa ake yi. Shi kansa kuma ya ɗauki jakar ubansa, bayan kowace Babbar Salla yakan zaga. Da aka shiga ƙarancin takardun naira a farkon 2023, kasuwanni suka tsaya cik don ba tsabar kuɗi, wakilansa ba su jira Shagamu ba, kowa ya san wanda zai ba bashi a garinsa da wanda zai ce sai ya ga kuɗi sun shigo.

Wannan labari na 'yan goro ne, amma tun daga shekarar korona ya zama na kowa. Bankuna da kamfanoni da gidajen jaridu sun sami kansu da ma'aikatan da ke aiki daga gida, wani a Ikko, wani a Jos, wani ma a ƙasar waje, ana taro ta Zoom. Shugabanni da yawa abin da ya fara zo musu a rai shi ne abin da ya zo wa ɗan Alhaji, watau yadda za su ga ma'aikaci a kowane lokaci. Har akwai manhajojin da ake sa wa kwamfuta su riƙa ɗaukar hoton abin da mutum ke yi, suna ƙirga sau nawa ya taɓa maɓalli. Ma'aikata kuma ba su daɗe ba suka samo 'yar na'urar da ke motsa linzamin kwamfuta alhali mai ita yana barci. Wannan da hoton huhun maƙwabci duk abu ɗaya ne. Duk abin da maigida ya ce shi zai riƙa dubawa, shi za a riƙa kawo masa. In hoto ya nema ya sami hoto, in aiki ya nema a ƙayyade da ranarsa, ya sami aiki ko ya gane wanda ba ya yi. Mai gaskiya shi ne yawan leƙe ke kora, domin shi ne ke da mutuncin da zai ji an taɓa, kuma shi ne ke da inda za shi.

Ba a ce a saki dukiya ba lissafi ba. Amanar da ba a ƙirga ta jarraba ce ga wanda aka ba, Alƙur'ani ma ya yi umurni da a rubuta bashi. Abin da ake cewa shi ne a san abin da za a ƙirga, a san ranar ƙirga shi, tsakanin ranakun kuma a bar mutum ya yi aikin da aka ɗauke shi dominsa. Wanda kuma ke da ma'aikata a nesa, ya tuna cewa zumunci a ƙafa yake, ya san gidajensu da halin da suke ciki, kada ya bari sai ranar neman gafara ce za ta fara kai shi ƙofarsu.

Alhaji yana nan da ransa, ba ya gani sosai, amma da la'asar akan fito masa da kujera bakin shago ya saurari lodi. In an ɗaga huhu yakan sa hannu ya shafa, ya sansana, wani lokaci ya ce a kwance wannan a sake ganye. Ɗansa kuwa ba ya musu, sai ya sa a kwance. Allah ya ba masu gida haƙuri da adalci, ya ba wakilai riƙon amana, amin.